Sawun da Ya Shiga Ɗakin Gishiri

Saura kaɗan in fasa rubutun nan. Sau biyu ina farawa ina yage takardar in hura wuta da ita. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma ni ba mai magana ba ce, ko a gida sai an kira ni sau biyu nake ɗaga kai. Amma har yau a garinmu akwai masu ba da labarin mutuwar yayana a karkace, suna cewa baƙo ne ya kashe shi ya sha. Shi ya sa na zauna.

Sunana Hurbai, yayana Sumar. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, wadda ake kira Jenabai. Babanmu ya rasu tun ina goye.

Ni da Sumar muna aiki a 'yar masana'antar da aka gina a jikin kamfanin siminti. Bututu ne yake jawo wani kaso na hayaƙin kamfanin zuwa cikin wata babbar tukunyar ƙarfe cike da narkakken gishiri, ba irin na miya ba, ja wur don zafi. In an sa wutar lantarki sai wani baƙin abu ya taru a jikin farantan ƙarfen da aka tsoma. A kankare, a wanke, a busar. Injiniyanmu, Thakkar Saheb, ya taɓa nuna mini hotonsa a kwamfuta. Wasu siraran bututu ne a cukurkuɗe, ya ce dubunsu ba su kai kaurin gashin kaina ɗaya ba, kuma ana sa su a batirin mota. Su suna ce masa nano, mu baƙin gari muke ce masa. Ni ina ɗakin ɗurawa a kwalabe. Sumar yana bakin tukunya.

Akwai dokar da ake koya wa ma'aikaci tun kafin a ba shi takalmin aiki: ruwa ba ya kusantar tukunya. Ko raɓa ce a jikin ludayi sai an gasa shi ya bushe.

Ran Talata, bakwai ta ɗan gota, ina ɗaura abin rufe hanci na ji ƙarar. Kamar an jefo ganga daga sama. Sumar ya karɓi aiki daga hannun mai kwana, ya ɗauko bokitin gishirin ƙari daga ɗakin ajiya kamar kullum, ya juye. Tukunyar ta watso masa abin da ke cikinta. Ba a bari na gan shi ba. A mota ya cika, kafin su kai asibitin birnin Bhuj.

Kafin azahar gari ya gama yanke hukunci. Kalandi ne, wani ɗan ƙaramin mutum daga can jihar Odisha mai nisa, shi ne ya yi aikin kwana. An ji suna faɗa da Sumar ran Asabar. Da asuba an leƙa ba ya wurin aikinsa. Kuma a ɗakin ajiya, kan baƙar ƙurar da take kwantawa a ƙasa, an ga sawun 'yar ƙaramar ƙafa ba takalmi. Samari suka jawo shi suka fasa masa baki, da kyar mai gadi ya ƙwace shi ya kulle a ɗakin gadi. Wasu suka ce wayar wuta ya yanke, wasu suka ce albarushi ya zuba.

Thakkar Saheb ne kaɗai ya san abin da ya faru, kuma a ɗaki ya faɗa wa mai gari da babban ɗan sanda. Bokiti na biyu yana nan ba a taɓa shi ba, gishirin cikinsa a jiƙe yake. Wani ya zuba ruwa.

Ɗan sandan ya so ya tafi da Kalandi a take. Mai gari ya roƙe shi a bar Dosal Bapa ya duba tukuna. Dosal Bapa tsoho ne mai bin sawu, ya yi shekara arba'in yana bin raƙuman sata da masu fasa-ƙwauri a cikin dajin gishiri, ɗan sandan ma ya san shi. Ɗan sandan ya ce ya ba shi zuwa safiyar Juma'a.

A wajenmu mai bin sawu ba ya tafiya shi kaɗai. Dole wani daga gidan da aka yi wa ɓarna ya bi bayansa, ya ga abin da ya gani, don kada gobe a ce an saye shi. Gidanmu babu sauran namiji. An binne Sumar da yamma, da safe aka aiko in fito.

*

"Taka inda na taka, 'yar Jenabai," in ji Dosal Bapa. "Kada ki taimake ni."

Ya tsuguna a bakin ɗakin ajiya, gwiwoyinsa suna ƙara. Thakkar Saheb yana tsaye a bayanmu, idonsa ja.

"Me kika gani?"

Na ce, "Ƙafa."

"Madalla. Kin fi ɗan sanda. Shi Kalandi ya gani."

Ya nuna da sandarsa a waje, daf da dokin ƙofa. Alamar takalman roba biyu ce, a jere, duga-dugansu a haɗe.

"Nan aka tuɓe."

Thakkar Saheb ya ce, "Don kada a ji motsinsa."

"Saheb, wurin da injinku yake kuka kamar raƙuma mai naƙuda, wa zai ji takalmin roba? Kuma yaushe mugu ya fara jera takalmi a bakin ƙofa, ya shiga da ƙafar dama?"

Muka shiga ta gefen bango. Sawun ya miƙe zuwa lungun da kayan Sumar suke, inda ludayinsa yake jingine, mayafin goge guminsa a rataye, bokiti ɗaya a ƙasa da gurbin ɗaya. A nan ƙafafun suka tsaya a haɗe.

"An daɗe a tsaye a nan," in ji Bapa. Ya sunkuya har rawaninsa ya kusa taɓa ƙasa. A cikin ƙurar akwai ƙananan ɗigo-ɗigo a layi uku, kamar inda yayyafi ya fara sauka. "Da yatsa aka watsa wannan. Sau uku. Abin da ya rage ne aka juye a bokiti."

Ya sake komawa kan sawun hagu. Ya daɗe a kansa ƙwarai. Da ya ɗago, fuskarsa ba irin wadda ya shigo da ita ba ce. Ya sa aka kawo kwano ya kifa a kai.

"Saheb, kada maganar ruwan nan ta fita daga ɗakin nan."

Ban gane komai ba. Ni dai so nake ya ce Kalandi ne a gama.

*

Mai gadi sunansa Sidik, ƙato ne mai tumbi. Ya miƙe yana sara wa Bapa kamar soja.

"Sidik, jiya da asuba kana ina?"

"Bakin ƙofa, Bapa. Idona biyu kamar mujiya."

"Mujiya mai shan shayi? Ga sawunka can ya tafi rumfar mai shayi da sauri, ya dawo yana jan ƙasa don ciki ya cika."

"Haba Bapa, minti biyar ne fa."

"Ka zauna a benci har dugaduginka ya tona rami. Kofi nawa?"

Sidik ya sosa ƙeya. "Uku. Amma na rantse da 'ya'yana ba wanda ya shige ta ƙofar nan."

"Wannan ka yi gaskiya. Ba ta nan aka shigo ba."

Da ya ji haka sai ya samu baki. Ya matso yana rage murya. "In da ni ne kai, Khengar makiyayi zan tambaya. Shi da ya tsaya a nan gaban kowa ya ce sai ya ga wurin nan yana cin wuta."

"In da kai ne ni, da yanzu ina rumfar shayi. Buɗe mana ɗakin."

Kalandi yana zaune a ƙasa, leɓensa ya kumbura. Da ya gan ni ya miƙe ya haɗa tafukan hannunsa. Na juya kaina.

Bapa ya ce, "Me ya haɗa ka da Sumar ran Asabar?"

"Abin rufe hanci, Bapa. Na cire don zafi. Ya zage ni, ya ce zan mutu in bar yara. Na ji haushi na ce ai kai ne mai tari, kai za ka riga ni." Ya fashe da kuka. "Baki ne kawai, Bapa. Baki ne."

"Da asuba ina ka je?"

"Kan tulin dutsen can. Nan ne kaɗai waya take kamawa. 'Yata tana tafiya makaranta ƙarfe shida, in ban kira a lokacin ba sai gobe. Kullum nake hawa. Yaya Sumar ya sani, bai taɓa gaya wa Saheb ba."

"Miƙo ƙafarka."

Bapa ya riƙe ta a hannu kamar mai sayen kifi, ya duba sama da ƙasa, ya ajiye.

"Bapa, rataye ni za su yi?"

"Ni sawu na sani, ban san alƙali ba."

Muna fita Kalandi ya ce, "Ƙanwata, ranar da na zo garin nan yayanki ne ya raba abincinsa biyu." Ban waiwaya ba.

*

Sawun takalman ya zagaya bayan rumfar tukunya, ya nufi inda wayar shinge ta yage, inda mata suke shigowa yankan ciyawa. Daga nan awaki sun tattake komai. Khengar yana ƙarƙashin ƙaya da garkensa, yana tuƙa zare.

"Dosal! Har yanzu kana sunkuye kana sansanar ƙasa?"

"Kai kuma har yanzu awakinka sun fi ka hankali. An ce ka ce za ka ƙone masana'anta."

"Na faɗa, in an tambaye ni gobe ma zan faɗa. Sun killace mana makiyaya wai suna cinye hayaƙi. Dubi can." Ya nuna dogon bututun kamfanin siminti yana ta aman toka. "Cokali ɗaya suke ci su bar mana tukunya, a zo ana ɗaukarsu hoto." Sai ya gan ni, muryarsa ta sauka. "Amma yaron nan, shi yake cika mini gora a famfonsu in mai gadi ya kau da kai. In wuta zan sa, sai na tabbatar ba ya ciki. Allah ya ba ku haƙuri, 'yar nan."

"Jiya da sassafe me ka gani a bakin wayar?"

"Abin da nake gani kullum. Hayaƙi, da mata da laujensu."

Na zaci Bapa zai tambaye shi waɗanne mata. Bai tambaya ba. Muka juyo. A hanya ya zauna kan dutse kamar wanda ya yi tafiyar kwana uku.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Bapa, sawun ya ɓata ke nan?"

"Tafi gida, Hurbai. Uwarki ta wuni biyu a durƙushe. Ki samu mai ki shafa mata a ƙafa."

*

Bayan magariba matan zaman makoki suka ragu, kowa ta tafi ɗora tukunya. Inna tana jingine da bango, ba ta ci komai ba tun Talata. Na ɗauko man riɗi na jawo ƙafarta kan cinyata.

Na san baƙin gawayi, na san baƙin gindin tukunya. Abin da na gani cikin fason dugaduginta ba su ba ne. Yana da ɗan sheƙi, kuma ba ya jin sabulu, sati biyu yake yi a ƙarƙashin farcena in safar hannuna ta huje. Ya shiga kowane tsagi, har tsakanin yatsu.

"Inna, ina kika taka?"

Ta kalli ƙafar kamar ba tata ba. "Wurin aikinku ne. Na wanke ya ƙi fita." "Babu abin da ban yi masa ba, Huri. Allah ne shaida. Tarin nan nasa ya hana ni barci, ya tofar ki ga baƙi. Ran Litinin na je hubbaren Pir, waliyyin nan, da ƙafa, na ɗebo ruwan rijiyar, mai hidimar wurin ya yi addu'a a kai. Na ce ya sha. Ya yi dariya, wai Inna ai muna da likitan kamfani. Kin san shi. Sai na ce to, in shi ba zai sha ba, bari in kai wa kayan aikinsa."

Hannuna yana kan ƙafarta, ya ƙi tsayawa, yana ta murzawa da kansa.

"Kuna barci na fita. Na bi ta wurin ciyawa, na sha ganinsa yana fitowa daga ɗakin nan. Na tuɓe takalmi, ai ba a ɗaukar ruwan Pir a shiga wuri da takalmi. Na ga mayafin da na ɗinka masa a rataye, na san nan ne wurinsa. Na karanta abin da na iya, na yayyafa sau uku. Sauran na raba wa bokitan nan biyu na farin gari, na ce su hannunsa zai fara taɓawa." Hawaye suka zubo mata. "Duk da haka mugun nan ya fi ƙarfina. 'Yar kwalba na je da ita, Huri. Ƙila kaɗan na ɗebo. Da tulu na ɗauka."

Sumar bai taɓa gaya mata dokar ruwa ba. Ce mata yake aikinsa danna maɓalli ne a inuwa, don kada hankalinta ya tashi. Ni ma haka nake ce mata.

Na gama ƙafar dama, na gama ta hagu, na rufa mata zane. Sannan na zagaya bayan ɗaki na yi amai.

*

Ran Alhamis bayan la'asar aka taru a ƙofar masana'anta. An zubo yashin rafi an baje, an lailaye shi da katako. Duk garin ya fito, har kan katanga. Ɗan sandan yana zaune a kujera. Ni ina bayan Bapa, na ja mayafi har hanci.

Aka ce kowa ya tuɓe takalmi ya ratsa. Sidik ya fara, yashi yana nutsewa.

"Ba shi ba ne. Wannan ai giwa ce."

Ma'aikata biyu suka wuce. Khengar ya ratsa yana zagin kamfanin siminti da uban da ya gina shi. Thakkar Saheb ma ya cire nasa, ƙafarsa fara sol kamar ta jariri, wasu suka yi dariya suka haɗiye. Kowane ya wuce Bapa ya ce ba shi ba ne, a sake lailaye yashi.

Aka fito da Kalandi. Ya taka ya ratsa, ya tsaya a ɗaya gefen. Bapa ya tsuguna ya duba, ko da yake na san ba ya bukata.

"Ba shi ba ne."

Aka ɗauki ihu.

"Tsoho ya makance!"

"An saye shi!"

Bapa ya ɗaga sanda. "Wannan ƙafa a taɓon shinkafa ta girma, ku dubi yatsun a baje. Wadda ta shiga ɗakin can a yashi ta girma. Ta ƙasar nan ce."

"Ƙarya ne! Wa zai kashe Sumar a garin nan?"

Aka sake jan katako a kan yashin, ko da yake babu sauran wanda zai taka. A lokacin ne na ji muryar Inna. Labari ya kai mata cewa za a saki baƙon. Ta taho ba takalmi, mata biyu suna binta suna jan zanenta, ta fizge. Mutane suka dare. Ta ratsa tsakiyar yashin nan ta tsaya gaban Kalandi.

"Me ya yi maka? Ka zo ƙasarmu da yunwa, ya ba ka abinci da hannunsa. Me ya yi maka?"

Ta tofa masa yawu a fuska. Bai goge ba. Matan suka kama ta suka tafi da ita tana kiran sunan Sumar.

Taku bakwai ta bari a kan yashin, kowane a fili kamar an zana. Bapa ya dube su. Sannan ya saki mayafin kafaɗarsa ya zubo ƙasa, ya ratsa yashin a hankali yana jansa a baya, kamar tsohon da bai san mayafinsa ya faɗi ba. Da ya kai ƙarshe babu sauran komai.

Ɗan sandan ya ce, "Suna nake jira, Bapa."

"Na faɗi wanda ba shi ba ne. Iyakar abin da zan faɗa yau ke nan."

"To gobe ƙarfe takwas zan tafi da wanda yake hannuna. Ya bar wurin aikinsa, ya yi wa mamaci mugun baki gaban shaidu. Alƙali ba ya karanta yashi."

Mai gari ya juyo gare ni. "'Yar gidan, ke kika bi shi. Kina da magana?"

Ido ya fi ɗari a kaina. Kalandi ma ni yake kallo, yawun yana gangarowa a kumatunsa. Na sunkuyar da kai na girgiza shi.

*

Na iske Bapa a gindin darbejiyar masallaci bayan kowa ya watse.

"Ka sani tun jiya."

"Tun bakin ƙofa na yi zato, a ciki na tabbatar. Ranar da aka kawo ta garin nan amarya ina tsaye ƙafar nan ta sauko daga amalanke. Ƙaramin yatsanta na hagu ba ya taɓa ƙasa."

"Ka ce ni ce, Bapa. Ina aiki a wurin, za a yarda."

"Ke kin san dokar ruwa. In ke ce, kisa ne da gangan, ta rasa biyu ke nan. Kuma ban taɓa ɗora wa wata ƙafa sawun da ba nata ba." Ya dubi mayafinsa da yashi ya ɓata. "Yau na share sawu da kaina. Shekara arba'in ban taɓa ba. Na gama aikin nan, 'yata, ko akuya ce ta ɓata kada a sake kirana."

"In ta ji, mutuwa za ta yi."

"Ƙila."

"In ba ta ji ba?"

"Shi ba shi da kowa a nan. Ba ya jin yaren kotu. Ko ba a rataye shi ba, 'yarsa za ta yi aure ta haihu yana ciki."

"To yaya zan yi?"

"An ce ki biyo ni ki ga abin da na gani. Kin gani. Haƙƙin gidanku ne, ba nawa ba. In kin yi magana zan tsaya a bayanki in ce haka ne. In kin yi shiru ni ma zan yi shiru, mu ɗauke shi tare." Ya dogara sanda ya miƙe. "Sai dai ni tafiyata gajera ce. Taki ce doguwa."

*

Washegari na dafa shayi na gasa gurasar gero, na ajiye gaban Inna. Ta karɓi kofin don na matsa mata. Na zauna ina kallon tabarma.

"Inna, akwai wata doka a wurin aikinmu da ba mu taɓa gaya miki ba."

Na faɗa mata yadda aka koya mana ranar farko, da zafin tukunyar, da abin da yake faruwa in danshi ya shiga. Na faɗa mata farin garin nan na bokiti a ciki ake juye shi. Ban ɗaga kai ba har na gama.

Ta dubi kofin da yake hannunta.

"Ruwan Pir ne fa, Huri."

"Ruwa ne, Inna."

Ta ajiye kofin a hankali, ko ɗigo bai zube ba. Ba ta yi kuka ba. Ta juyo tafin ƙafarta ta duba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekaranjiya."

"Kika bar ni na tofa wa bawan Allah yawu."

Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafunta suka ƙi. Na ɗaga ta, na yafa mata mayafi, na sa hannunta a wuyana. Hanyar da nake yi a minti goma sai da muka yi rabin awa. Mata a bakin famfo suna tambaya ina za mu, muka wuce su.

Mun iske an tayar da motar ɗan sandan a ƙofar masana'anta, ana fito da Kalandi hannu a ɗaure. Bapa yana tsaye can gefe. Inna ta sake ni, ta tako ita kaɗai har gaban ɗan sandan, ta buɗe baki. Ba abin da ya fito. Har yau da nake rubutun nan bai fito ba.

Na matsa na riƙe ta. Na ce wa ɗan sandan ya sa a kashe motar, a kwance mutumin nan, ina da magana kuma ba ta da tsawo.